Gargaɗi ga masu sayen tsofaffin kekunan tsere na Suwidin: ana damfara da fenti

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman mazauna Turai da kuma masu aiko da kuɗi a saya musu kaya daga nan. Akwai wata damfara da ke yawo a kasuwar tsofaffin kekunan tsere na ƙasar Suwidin, kuma da fenti ake yin ta. Mutum zai samo keke na gama-gari wanda bai taka kara ya karya ba, ya fesa masa launin da aka san manyan kekunan tsere da shi, ya manna masa sabbin sitika, sannan ya sa hotonsa a intanet ya rubuta cewa fentin masana'anta ne, hannu bai taɓa taɓa shi ba. Kuɗin da zai yanka wa keken ya ninka darajarsa sau da yawa. Na daɗe ina gyaran irin waɗannan kekuna a lokacin hutuna, kuma yana ƙona mini rai in ga mutum ya tara guminsa ya miƙa wa maha'inci saboda launi kawai.

Sai an san tarihin launukan nan kafin a gane yadda ake cutar. Manyan sunaye biyu ne suka riƙe tseren keke a Suwidin: Crescent da Monark. Crescent an san ta da ruwan lemo, Monark kuma da shuɗi, kuma sun daɗe suna hamayya a fagen tsere. A 1948 Harry Snell ya ci gasar duniya ta 'yan wasan da ba ƙwararru ba a Valkenburg ta ƙasar Holan a kan keken Crescent, daga nan kamfanin ya riƙa rubuta "Världsmästarcykeln" a jikin kekunansa, wato keken zakaran duniya. Ita kuwa Monark, wadda Birger Svensson ya kafa a yankin Varberg a 1908, sunanta ya ɗaukaka ne tare da 'yan'uwan nan huɗu na ƙauyen Fåglum, Gösta da Sture da Erik da Tomas Pettersson. Su huɗun sun ci gasar duniya ta tseren rukuni shekara uku a jere, 1967 da 1968 da 1969, sun kuma samo azurfa a wasannin Olamfik na 1968 a Meziko. Gösta ya je ya ci Giro d'Italia, babbar gasar tseren keke ta Italiya, a 1971. Duk dattijon da ya taso a Suwidin a waɗannan shekaru, shuɗin Monark da ruwan lemon Crescent suna tuna masa ƙuruciyarsa, kuma wannan shauƙin ne 'yan damfara ke ci da shi.

Abubuwa biyu ne suka buɗe musu ƙofa. A farkon shekarun 1960 kamfanonin biyu sun haɗe, aka koma ƙera kekunansu a Varberg. Saboda haka akwai firam, wato gangar jikin keke, na Monark da na Crescent masu kama da juna ƙwarai, wanda idan aka kankare fentinsu aka cire tambarin gaba, ba kowa ne zai bambance su ba. Mai ha'inci sai ya duba wanda kasuwarsa ke ci a lokacin, ya fesa launinsa. Abu na biyu shi ne ya fi cutar da baƙi a harkar: ruwan lemon nan da rubutun zakaran duniya ba a kan keken tsere na gaske kaɗai aka sa su ba. A shekarun 1970 kamfanin ya sayar da ɗimbin kekuna masu giya goma, masu nauyin ƙarfe, na zuwa makaranta da yawon unguwa, da irin wannan launi da irin wannan rubutu. Har yau suna jibge a ɗakunan ajiya na gidajen mutane, ana sayar da su da araha. Wanda ake nema ruwa a jallo shi ne Crescent Pepita Special mai lamba 92320, mai ado na dara-dara baƙi da fari, da takwaransa Monark 90320. Waɗannan an ƙera su da bututun ƙarfe na Reynolds 531 daga Ingila, aka sa musu kayan Campagnolo na Italiya. A ƙaramin hoton waya, daga nesa, na arahar da na tsadar duk ruwan lemo ne.

Kasuwar ta ƙara zafi saboda tarukan tsofaffin kekuna irin su L'Eroica da ake yi a Gaiole in Chianti ta Italiya tun 1997, inda ake neman keken da aka ƙera a 1987 ko kafin nan. Masu tara kayan tarihi kuma sun fi biyan kuɗi a kan fentin asali ko da ya ƙoƙe ya yi zane-zane, fiye da sabon fenti mai sheƙi. Da masu cutar suka gane haka, sai suka daina kawo keke yana ƙyalli. Yanzu bayan sun fesa, sai su ɗan goge wasu wurare da samfefa, su ƙwanƙwasa gefen da sarƙa ke duka, su shafa baƙin mai, don ya yi kama da wanda ya sha shekara hamsin.

Wani ɗan'uwa ya kawo mini irin wannan keke in saita masa birki. Ya saye shi ne a hannun wani mutum da ya rantse masa cewa Pepita Special ne na gado, fentinsa na masana'anta. Tun da na ɗaga shi na ji nauyin ya yi yawa. Na kwance notin kan keken na zaro cokalin gaba, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, sai ga bututun da ke ɓoye a ciki da ragowar fenti kore, ruwan lemon kuma ya tsaya cak a daidai inda aka naɗa salatif lokacin feshi. Na juya keken na duba lambar firam, fenti ya cike ramukan lambobin har wasu ba sa karantuwa. Ƙusoshin da suka riƙe tambarin gaba su ma fenti ya hau kansu, alhali a masana'anta sai an gama fenti ake kafa tambari. Sitikar Reynolds 531 na nan a manne tsaf, amma da na sa gilashin ƙara girma sai ga ɗige-ɗigen na'urar buga takarda ta zamani. Abin da ya fi tayar mini da hankali yana ƙarƙashin bututun da ya gangaro daga wuyan keken. Na bi wurin da ɗan yatsa na ji wani ɗan tudu, na kanga maganaɗisu ya ƙi kamawa sosai. An taɓa yin karo da keken ta gaba, ƙarfen ya tanƙware, aka cike wurin da fila irin ta masu gyaran jikin mota aka rufe da fenti. Wannan ya wuce asarar kuɗi. Firam ɗin da ya lanƙwashe a wuya yana iya tsagewa mutum na gangara tudu da gudu. Da ɗan'uwan nan ya nemi mai sayarwar, lambar a kashe take, tallar ma an goge ta.

Don haka idan za ku sayi irin keken nan, ku bar kallon launi tukuna ku dubi ƙarfen. Wurin da gindin tayar baya ke shiga, a keken tsere na gaske ƙarfe ne mai kauri da aka ƙera, sau da yawa da sunan Campagnolo a dake a jiki, yayin da na araha falle ne siriri da aka datse daga faranti. Bututu mai kyau bangonsa siriri ne, shi ya sa sandar sirdin da ke shiga cikinsa take da kauri, wajen milimita 27, ta keken gama-gari kuma ta fi sirantaka. Kayan Campagnolo na wancan zamani da yawansu suna ɗauke da shekara: a jikin na'urar canza giya ta baya samfurin Nuovo Record za ku ga an daka "Patent" da lambobin shekara, haka ma a notin cibiyar taya. Idan mai keke ya ce na 1972 ne amma kowane ƙarfe na jikinsa na faɗin wata shekarar daban, to haɗe-haɗe ne.

Shi kuma fentin asali yana da shaidarsa. Rana tana cin launi, musamman ruwan lemo da ja, saboda haka idan aka sassauta maƙalar da ta riƙe sandunan giya ko wayar birki, launin da ke ƙarƙashinta ya kamata ya fi na waje ƙarfi da kaifi. In kuka ga launi ɗaya sak daga sama har ƙasa a keken da aka ce ya shekara hamsin, ku yi shakka. Tsohon fenti siriri ne, gefen mahaɗin bututu yana fitowa da kaifinsa. Fentin gari da ake gasawa a tanda a yau yana da kauri, yana dusashe waɗannan gefuna su zama kamar an shafe su. Tsohuwar sitika tana tsattsagewa tana rawaya tare da fentin da ke kewaye da ita, ba za ta zauna fara tas a kan firam mai tsatsa ba. Ku nemi mai sayarwa ya ɗauko muku hoton bututun cokalin gaba a zare, da ƙasan firam inda fedar ke juyawa, da lambar firam a kusa. Mai gaskiya aikin minti kaɗan ne a wurinsa. Wanda ya fara kawo uzuri, yau ba shi da sifana, gobe keken na gidan surukinsa, ku rabu da shi.

Akwai kuma wani reshe na damfarar da ke kama masu son gyara nasu keken da kansu. Za ku ga ana tallar gwangwanin fenti ko wata lamba, a ce ita ce lambar launin masana'anta ta asali, a tsawwala kuɗi. Wasu har lambar NCS, tsarin tantance launuka na Suwidin, suke bayarwa don ta yi kama da ta Suwidin. To tsarin launuka na NCS a 1979 ya zama ma'aunin ƙasar, saboda haka wanda ya ce muku da lambar NCS aka fesa keken 1971 a masana'anta, shekarun ma sun ƙaryata shi. Lambar NCS ko ta RAL ta Jamus iyakarta ta ba ka launi mafi kusa, kuma wannan ba laifi ba ne in an faɗi haka a fili. Launin da kuke gani a fuskar waya ma ba abin dogaro ba ne, don hoto ɗaya yana fitowa daban a waya biyu. Hanyar da ta fi ita ce ka ɗauki cokalin gaba ka kai wa masu haɗa fentin mota, su auna launin wurin da rana ba ta taɓa ba su haɗa maka daidai da shi.

Sai masu sayar da keken da babu shi kwata-kwata. Suna kwafo hotunan keke na gaske daga tsohuwar tallar wani, su sa farashi mai daɗi, su ce mutane sun yi layi, ka turo kafin alƙalami yanzu ko a ba wani. Wannan cinikin biri a sama ne. Ku ce ya rubuta ranar yau a takarda ya jingina ta da firam ɗin ya ɗauko hoto, ko ku yi kiran bidiyo ya juya keken a gabanku. A Suwidin kusan kowa da manhajar waya ta Swish yake biyan kuɗi, kuma kuɗin Swish nan take yake shiga, mai turawa ba ya iya janyo shi da kansa. Manhajar tana nuna sunan mai karɓa kafin ka tabbatar, to in sunan ya saɓa da na wanda kuke magana da shi, ka tsaya. Masu biya da PayPal daga wata ƙasa su sani cewa zaɓin tura wa dangi da abokai ba shi da kariyar mai saye, shi ya sa ɗan damfara ke nacewa a bi ta nan. Wanda ke gida yake son a saya masa, ya samu amintacce a nan da zai je ya ga keken da idonsa ya ɗaga shi da hannunsa kafin a fitar da ko krona ɗaya.

Ban ce sake fenti haramun ba ne. Firam ɗin da tsatsa ta fara ci, a kankare a fesa masa sabo shi ne ceton ransa, kuma akwai masu wannan sana'a da ke yin ta da amana, su gaya maka shekarar da aka sake fentin da inda aka samo sitikar, su sa farashin da ya dace. Da su ba ni da matsala. Faɗana da wanda ya san ya fesa, ya ɓoye, ya karɓi kuɗin na asali, balle wanda ya rufe karaya da fila ya miƙa wa ɗan mutane ya hau titi.

Wanda abin ya riga ya faɗa masa kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya adana hoton tallar da duk saƙonnin da suka yi da shaidar biyan kuɗi, ya sanar da bankinsa da shafin da aka sa tallar, ya kuma kai ƙara wurin 'yan sandan Suwidin ta lambar 114 14 ko ta shafinsu na intanet. Ku sani cewa hukumar sasanta rikicin ciniki ta ARN tana duba ƙarar mai saye ne a kan kamfani ko ɗan kasuwa, ba ta shiga cinikin mutum da mutum. Shi ya sa tun kafin ku biya, ku sa mai keken ya rubuta muku a saƙo ƙarara cewa fentin na masana'anta ne, firam ɗin bai taɓa karo ba, tare da lambar firam da cikakken sunansa. In daga baya ta bayyana ƙarya ce, wannan rubutun ne za ku riƙe a gaban hukuma.