Tausar ƙoƙon kai a Unguwar Rimi: abin da na gani a zama uku

Wata shida na yi ina fama da ciwon kai mai tasowa daga ƙeya saboda yawan zama gaban kwamfuta, kuma da likita ya auna jinina ya duba idanuna bai ga wata cuta ba, sai wata abokiyar aikina ta kwatanta mini wani ɗakin gashin ƙashi a Unguwar Rimi inda ake yin tausar ƙoƙon kai.

Duk wanda ya saba da hannun mai ɗori zai yi mamakin wannan aiki, domin babu murɗa, babu ja, ba a ma shafa mai. Ɗankwali kawai na cire na kwanta rigingine, mai tausar ta tallabo ƙeyata da tafukanta biyu ta ce, "Hajiya, ki saki jikinki, ba za ki ji zafi ba." Ta kai kusan minti 40 tana sauya wurin yatsunta daga bayan kunne zuwa goshi da muƙamuƙi, da taɓawa mai sauƙi kamar ta mai duba maɗigar jariri. A zama na biyu barci ya ɗauke ni, na kuma yi kwana huɗu wuyana a sake.

Da na nemi bayani, ta ce hanyar ta fito ne daga William Sutherland, almajirin Andrew Still wanda ya assasa ostiyofati, wato hanyar magani ta sarrafa ƙasusuwa da gaɓoɓin jiki da hannu, a Amurka a 1874. Sutherland ya lura da mahaɗan ƙasusuwa 22 na kai, ya ɗauka cewa suna ɗan motsi tare da ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka, ya kuma wallafa ra'ayinsa a 1939. A nan ne ra'ayina ya saɓa da nata. Mahaɗan kan baligi a kulle suke sosai, kuma gwaje-gwaje sun nuna cewa masu tausa biyu da suka riƙe mutum ɗaya ba sa yin ittifaƙi kan bugun wannan motsi da suke cewa suna ji. Sauƙin da na samu gaskiya ne, amma ina jingina shi ga hutu, da shiru, da sakin jijiyoyin wuya, kuma ciwon ya dawo da na koma kujerata ta ofis. Kuɗin zama ɗaya ya kusa cefanen mako, abin da ya sa na tsaya a na uku.

Abin da ya ƙara mata daraja a idona ya faru ne a ɗakin jira, ranar da wata uwa ta kawo jaririnta mai yawan kuka. Mai tausar ta taɓa goshinsa ta ji zazzaɓi, ta ƙi karɓar kuɗi, ta ce a kai shi asibiti wajen likitan yara kafin la'asar.