Taswirar Global Fishing Watch: me take nunawa, me take kasa gani, ga mai bin sawun ɓarayin kifi

Global Fishing Watch taswira ce a intanet da ke nuna inda manyan jiragen kamun kifi suke aiki a tekunan duniya, kuma kyauta ce. Ƙungiyoyin Oceana da SkyTruth da kamfanin Google ne suka buɗe ta a 2016, daga 2017 ta koma cin gashin kanta. Ga jami'in da ke binciken jirage a tasha, ko ɗan jarida, ko ma'aikatar da ba ta da kuɗin sayen bayanan tauraron ɗan adam, babu kamarta cikin kayan aikin da ake samu ba tare da biya ba. Wanda kuwa ya ɗauke ta hujjar da zai shiga kotu da ita ita kaɗai, zai sha kunya a gaban alƙali.

Ginshiƙinta shi ne AIS, wata na'urar rediyo da jirgi ke ɗauke da ita tana shelanta sunansa, lambarsa, wurin da yake, gudunsa da inda ya dosa. Asalin na'urar don kada jirage su yi karo ne, ba don tsaron kifi ba, kuma daga nan yawancin matsalolin taswirar suka samo asali. Babbar na'ura, wato ajin A, tana magana duk bayan daƙiƙa 2 zuwa 10 in jirgi na tafiya, da ƙarfin wat 12.5. Ƙaramar, ajin B, wat 2 ce ko 5, sau da yawa tauraron ɗan adam ba ya jin ta sosai. Taswirar na tattara waɗannan saƙonni tun daga 2012, sai kwamfuta ta duba salon tafiyar kowane jirgi ta yi hasashen sana'arsa. Mai jan koma a ƙasan ruwa yakan yi ta kai da komo a hankali, wajen mil 2 zuwa 5 na ruwa a awa. Mai shimfiɗa doguwar igiya mai dubban ƙugiyoyi yakan miƙe ya shimfiɗa, ya juyo ya biyo layin yana tattarewa a hankali. Mai kewaye garken kifi da taru yakan zo a guje, ya yi da'ira, sannan ya tsaya cak yana janyowa. Abin da kake gani yana haske a allo ke nan: awannin da ake zaton jirgi ya yi yana kamu. A riƙe kalmar zato ɗin nan, su kansu masu taswirar haka suke kiransa.

Amfani da ita ba wuya. Ka yi rajista da imel, don ba za ka iya sauke rahoto ba sai da ita. Ka ja ma'aunin lokaci da ke ƙasan allo zuwa watannin da kake so. Ka kunna layin iyakar ruwan ƙasashe, mil 200 na ruwa daga gaɓa, da na wuraren da aka haramta kamu. Sai ka tace da tuta, wato ƙasar da jirgi ya yi rajista, ko da irin kayan kamu. In ka danna wuri, jerin jiragen da suka yi aiki a nan zai fito da awanninsu. In dokar ƙasarku ta ware wani yanki kusa da gaɓa don ƙananan masunta, kana iya ɗora zanen iyakarsa da kanka, ka ciro sunayen manyan jiragen da suka kutsa ciki. Wannan shi ne aikin da ta fi ƙwarewa a kai, kuma ana gama shi cikin 'yan mintuna.

Wurin neman jirgi akwai tarko. Lambar MMSI, wato lambar da AIS ke shelantawa, mai alƙaluma 9, da hannu ake shigar da ita cikin na'ura, uku na farko su ne alamar ƙasar tuta. Ana iya canza ta, ana samun jirage da dama suna amfani da lamba ɗaya, sai ka ga sawu yana tsalle daga wannan teku zuwa wancan cikin minti ɗaya. Wannan ba jirgi ɗaya ba ne. Lambar IMO mai alƙaluma 7 ita ce ke bin gangar jikin jirgi har a farfasa shi, ko da ya sauya suna da tuta sau goma, don haka da ita ake fara nema in akwai. Abin takaici, jiragen kamun kifi da yawa ba su da ita. Ƙari a kan haka, masunta na maƙala ƙananan na'urorin AIS a jikin balan-balan ɗin komarsu don kada ta ɓace, waɗannan kuma kan cika wuri da alamu kamar jirage ne.

Babban raunin taswirar shi ne tana ganin wanda ya yarda a gan shi ne. Dokar jiragen ruwa ta duniya ta wajabta AIS a kan jiragen da suka kai tan 300 masu zirga-zirga tsakanin ƙasashe, amma jiragen kamun kifi an bar wa ƙasar tuta ta yanke. Tarayyar Turai ta wajabta shi ga masu tsawon fiye da mita 15, wasu ƙasashe ba ruwansu. Binciken da masu taswirar suka fitar a mujallar Nature a 2024 ya nuna kusan kashi 75 cikin ɗari na manyan jiragen kamun kifi ba sa bayyana a bayanan da jama'a ke iya gani. Ke nan wurin da ka ga babu haske a allo ba lallai ne babu kamu ba. Ruwan Turai na da haske sosai, ba don an fi kamu a can ba, sai don an fi kunna na'ura.

Shi ma ɓacewar sawu ba kullum laifi ba ne. A wurare masu cunkoso saƙonni na danne juna, tauraron ya kasa rarrabewa. A wuraren da ake fashin teku, kyaftin na da damar kashe na'ura don tsira da ransa. Shi ya sa taswirar ba ta lissafa giɓin sawu a matsayin kashewa da gangan sai ya kai awa 12, jirgin na nesa da gaɓa da aƙalla mil 50 na ruwa, a yankin da sigina ke da kyau. Da wannan ma'auni aka gano fiye da kashewa 55,000 tsakanin 2017 da 2019, da yawa a bakin iyakar ruwan Ajantina, da gaɓar Afirka ta Yamma, da arewa maso yammacin tekun Pasifik. Ma'aunin na da hikima, amma ka lura da abin da ya zubar: jirgin da ya kashe na'ura da magariba, ya shiga yankin ƙananan masunta mil 5 daga gaɓa, ya fito kafin asuba, ba zai shiga wannan lissafi ba sam. Sai ka buɗe sawunsa ka duba da idonka, wurin da ya ɓace da wurin da ya sake ɓullowa.

Haɗuwar jirage a tsakiyar teku, inda ake juye kifi cikin jirgin dako mai ɗakin sanyi, nan ne kifin sata ke gauraya da na halal. Taswirar na alamta haɗuwa in jirage biyu sun kusanci juna da mita 500, na awa 2 ko fiye, gudunsu bai kai mil 2 na ruwa a awa ba, kuma suna nesa da matsayar jirage da kilomita 10. Wanda ya fi ɗaukar hankali shi ne jirgin dako da ya yi ta shawagi shi kaɗai a hankali nesa da gaɓa. Sau da yawa ba shi kaɗai ba ne, abokin cinikinsa ne ya kashe na'ura. Sai dai haɗuwa na iya zama ta shan mai, ko sauyin ma'aikata, ko juye kaya da izini.

Don rage makantar, an ƙara hotunan radar na tauraron Sentinel-1, wanda ke ganin ƙarfen jirgi dare da rana ko da hadari, da kuma hotunan hasken dare da ke kama jiragen da ke kunna manyan fitilu don jawo kifi. Da haɗa irin waɗannan aka gano jirage fiye da 900 da suka taso daga Sin suna kamu a ruwan Koriya ta Arewa a 2017. Amma radar ɗigo kawai yake ba ka, ba suna ba tuta. Ba ya wucewa ta wuri ɗaya sai bayan kwanaki, bai rufe yawancin tsakiyar teku ba, kuma ƙananan jiragen katako na kuɓuce masa. Akwai kuma bayanan VMS, na'urar bin sawu da hukumomi ke tilasta wa masu lasisi, wadda ba a nuna wa jama'a bayananta. Indonesiya ce ta fara ba da nata a 2017, Peru da Panama da wasu suka biyo baya. Inda aka samu wannan, hoton ya fi cika nesa ba kusa ba.

Ga mai jirgin sintiri, bayanan na zuwa ne da jinkirin kusan awa 72. Jirgin da ke gudun mil 10 a awa ya yi mil 720 a wannan tsakani. Ba a farauta da ita, ana tsara inda za a tura sintiri wata mai zuwa ne. Kuma sau da yawa ba ta san wanda ke da lasisi ba, ba ta ganin girman idon koma, ko nauyin abin da aka kama, ko irin kifin. Jirgin waje a ruwan wata ƙasa yana iya kasancewa da takardar izini a aljihun kyaftin. Ba wai ba a taɓa cin tara da irin wannan sawu ba: a 2015 an bi sawun jirgin Marshalls 203 cikin haramtaccen yankin tsibiran Phoenix na ƙasar Kiribati, masu shi suka biya dala miliyan 2. A lokacin an hana kamun kasuwanci ne ga kowa a can, don haka tambayar lasisi ba ta taso ba.

Inda ta fi biyan buƙata shi ne a tasha. Yarjejeniyar matakan ƙasashe masu tashoshin ruwa, da ta fara aiki a 2016, ta sa jirgin waje ya nemi izinin shigowa tun kafin ya iso, ya faɗi abin da ya ɗauko da inda ya kamo shi. Kafin ya iso, jami'i ya buɗe tarihin jirgin na watannin baya, ya rubuta ranar kowane giɓi, kowace haɗuwa da tashoshin da ya tsaya. In ya hau jirgin, ya gwada ranakun da littafin kamu, da takardar izinin juye kaya, da sawun da ke cikin na'urar tuƙi ta jirgin kansa, sannan ya nemi bayanan VMS daga ƙasar tuta. Kwanakin da littafi ya ce ana kamu a wuri kaza alhali sawu ya nuna wani wurin, ko ya ɓace gaba ɗaya, su ne za a fara tambayar kyaftin a kansu, kafin a bari a sauke ko kwali ɗaya.