Goge ko kukuma: abin dubawa kafin ka biya kuɗi

Ƙirarsu ɗaya ce: rabin duma da aka rufe da fatar guza, sanda ta ratsa ta cikinsa, sai tsirkiya guda ta gashin wutsiyar doki da ke zaune a kan ɗan itacen da ake kira jaki. Bambancin yana wajen girma. Goge babba ne, muryarsa na da kauri, shi ya sa ya zauna a fagen bori da wuraren rawa, ana bin sa da kiɗan ƙwarya. Kukuma ƙarama ce, sautinta siriri, ta fi dacewa da mai son rera waƙa da bakinsa yana gogawa. Mai koyo, musamman yaro ko mai gajerun yatsu, kukuma ta fi masa sauƙin riƙo. Wanda zai yi wasa a fili ba lasifika kuwa, goge zai nema.

Ko wanne ka zaɓa, fara da duman. Ƙwanƙwasa shi da farce. Wanda ya ƙosa kafin a yanke shi yana amsawa da ƙarfi, ɗanye kuwa shiru za ka ji. Leƙa ta hujin da ke jikin fatar. In ka ga gari yana zubowa, ƙwaro ya riga ka, bar shi. Duba kuma inda sandar ta shiga da inda ta fita, don nan tsagewa ke farawa.

Fata ita ce rabin kuɗin. Danna ta da yatsa kusa da jaki. In ta lotsa ba ta dawo ba, an ɗaura ta da sanyin hannu. Amma ka lura da lokaci: da damina kowace fata tana saki saboda laima, don haka a sa kayan a rana na ɗan lokaci sannan ka sake gwadawa. Da hunturu kuma tana tsukewa, har ta ɓoye aibin aikin. Ana samun na fatar akuya da araha, sai dai sautinsa bai kai na guza tsabta ba.

Gashin tsirkiya da na izga, wato ɗan bakan da ake goga tsirkiyar da shi, su zama a miƙe, ba masu tsinke-tsinke ba. Kada ka shafa su da hannu mai maiƙo, ƙaro ba zai kama ba, izgar sai ta riƙa sulɓewa. Ka sa mai sayarwa ya shafa ƙaro ya goga a gabanka, ya kuma haɗa maka da jaki na biyu, don shi ne ke saurin ɓata.