Kwas ɗin rubutu da maganar ofis a Dang: abin da jaka 25 ke saya wa ɗalibi

A gefen babban titin da ya ratsa Dang, wajen kilomita 15 daga cikin garin Ngaundere na ƙasar Kamaru, akwai wata ƙaramar cibiya mai zaman kanta da ke koya wa ɗaliban jami'a yadda ake rubutu da magana a wurin aiki. Kwas ne na sati 8, zama biyu a sati, yammacin Laraba da safiyar Asabar, kowane zama awa 2. Kuɗinsa jaka 25 na sefa, wato 25,000, ana iya biya kashi biyu, hannu da hannu ko ta Orange Money da MTN MoMo. Mun duba takardun darasin, mun zauna cikin aji, mun kuma gwada rubutun da ɗalibai suka yi a satin farko da wanda suka yi a na ƙarshe. Ɓangaren rubutu ya ci kuɗinsa har da riba. Ɓangaren magana kuwa da sauran aiki, kuma ba ƙarami ba.

Buƙatar irin wannan kwas a fili take. Jami'ar Ngaundere tana nan tun 1993, aka buɗe ta Marwa a 2008, ta Garwa a 2022. Duk waɗanda suke yayewa ƙofofi kaɗan suke ƙwanƙwasawa: kamfanin auduga na Sodecoton a Garwa, masana'antar siminti ta Cimencam a Figil, kamfanin jirgin ƙasa na Camrail, bankuna, gidajen ba da ƙananan rance, sai ƙungiyoyin agaji. Ɗalibi yakan yi shekara 3 yana cika takardun jarrabawa, amma ranar da aka ce ya rubuta takardar neman istaj, wato zaman koyon aiki na ɗan lokaci a ma'aikata, sai ya tafi shagon kwamfuta a buga masa ta wani, a canza suna kawai. Wani lokaci ma sunan tsohon kamfanin yana nan a sakin layi na biyu, ba wanda ya lura sai sakataren da ya karɓa.

Satuttuka uku na farko kan takardun neman aiki ne, kuma nan ne ƙarfin cibiyar yake. Suna farawa da takardar neman da ake rubutawa da hannu, wadda har yanzu ofisoshi da yawa ke nema. Sunan mai nema da lambar wayarsa a sama ta hagu, gari da kwanan wata a sama ta dama, muƙamin wanda ake rubuta wa a ƙasa da su, sannan layi guda da ke faɗin dalilin takardar, a buɗe da “J'ai l'honneur de”, a rufe da jerin takardun da aka haɗa da sa hannu. Suna bambance inda ake manna tambur (kan sarkin haraji), wato takardar da za ta ma'aikatar gwamnati, da inda manna shi asarar kuɗi ce kawai, wato kamfani mai zaman kansa. Suna nuna yadda ƙaramin ma'aikaci ke rubuta wa babban shugaba ta hannun wanda ke samansa, da alamar “s/c”, domin takardar da ta tsallake kan mai gidanka na kusa takan dawo maka da ɓacin rai.

Hanyar gyaransu ce ta fi burge mu. Malamin ba ya gyara kuskure, layi kawai yake ja a ƙarƙashinsa da jan biro, ya sa harafi a gefe: nahawu, tsari, ko girmamawa. Ɗalibi shi zai gano ciwon ya sake rubutawa, sau uku kowace takarda. Da wahala, amma rubutun sati na uku ba ya kama da na farko ko kusa. Wasiƙar bayyana dalilin neman aiki sakin layi uku suke so: me na sani game da kamfaninku, me na iya da hujjarsa, me zan yi muku. CV shafi ɗaya, a fara da abu na baya-bayan nan, a tura shi PDF mai ɗauke da sunan mai shi, kada ya wuce megabayit 1. Hoton takarda da aka ɗauka a karkace bisa tabarma ba ya shiga. Adireshin imel mai laƙabin wasa ko sunan ɗan ƙwallo, a zaman farko ake sa ɗalibi ya buɗe sabo.

Sati na huɗu da na biyar takardun cikin ofis ne da na ciniki. Rahoton taro suna koyar da shi da tambaya uku a kan kowace magana: me aka yanke, wa zai yi, yaushe zai gama. Darasin faktir, wato takardar da mai sayarwa ke ba mai saye ta kuɗin kaya, ma yana da kyau. Ana nuna inda lambar haraji ta NIU da lambar rajistar kasuwanci ta RCCM suke zama, da dalilin rubuta jimillar kuɗi da adadi da kuma kalmomi. Sai lissafin TVA, harajin da ake ɗorawa kan kuɗin kaya, wanda a Kamaru kashi 19.25 ne cikin ɗari. Kayan sefa 200,000 harajinsu 38,500 ne, jimilla 238,500. Inda ɗalibai ke faɗuwa shi ne komawa baya: a ba su 238,500 a ce su fitar da kuɗin asali, sai su cire kashi 19.25 daga jimillar su sami wajen 192,589. Daidai shi ne a raba da 1.1925. Ɗaliban tattalin arziki ma suna yin wannan kuskure, kuma shi kaɗai ya isa a mayar da faktir.

Zama ɗaya suka ware wa waya da WhatsApp, ya kuwa wadatar. Kada ka yi wa mai ɗaukar aiki bip, wato ka kira ka katse, kana jira ya kira ka. Saƙon farko ya faɗi ko kai wane ne da wanda ya ba ka lambar, ba sallama kaɗai ba sannan shiru. Saƙon murya kada ya wuce minti 1, kuma duk abin da aka daidaita da baki, farashi ne ko ranar kawo kaya, a bi shi da rubutaccen saƙo kafin rana ta faɗi.

Daga sati na shida ake shiga magana, a nan kuma tafiyar ta fara tangarɗa. Dabarar kanta mai kyau ce: ɗalibi ya gabatar da kansa cikin daƙiƙa 90, a ɗauke shi da waya, a kunna masa ya ƙirga kalmomin cike baki irin su “euh” da “donc” nawa ya zuba. Amma ajin mutum 40 ne. Awa 2 minti 120 ne, kowa minti 3 ke nan idan malamin bai ce uffan ba. Sakamakon haka mafi yawa sau biyu kawai suke tsayawa gaban aji a duk kwas ɗin, masu baki su mamaye fili, masu kunya, waɗanda dominsu aka yi darasin, su koma kujerun baya. Irin wannan aiki mutum 15 ne iyakarsa.

Abin da ya fi damun mu shi ne abin da ake koyarwa. An kwaso shi ne daga littattafan Faransa yadda yake: kalli mai tambayarka cikin ido, damƙe hannunsa da ƙarfi, tallata kanka. Yaron da aka rena a gidan Hausawa ko na Fulani tun yana ƙarami ake ce masa ya sunkuyar da kai gaban babba, ya sassauta murya, kuma yabon kai jahilci ne. Idan aka ce masa tarbiyyar nan aibi ce sai ya daskare, ko ya zuba wa mutum ido ba ƙiftawa, wanda ya fi na farko muni. Akwai hanyar da ke aiki, kuma ba ta ƙetare ladabi. A ɗago kai a dubi fuskar mai tambaya a farkon amsa, da lokacin faɗin adadi, da ƙarshen amsa, tsakani kuma ido na iya sauka kan takarda. A ɗaga murya har na ƙarshen teburi ya ji. Maimakon “ni mai amana ne”, a kawo abin da ya faru: “na riƙe asusun ƙungiyar ɗalibai mai mutum 60 shekara biyu, lissafi bai taɓa ɓata ba.” Wannan ba fariya ba ce, shaida ce. Ɗalibar da ba ta musafaha da maza kuma tana buƙatar a koya mata yadda za ta riga kowa ɗora hannu a ƙirji da fara'a, kafin a miƙo mata hannu a bar shi a iska. Ba mu ga an taɓo wannan ba ko sau ɗaya, alhali kusan rabin ajin mata ne.

Giɓi na biyu harshe ne. Kusan duk kwas ɗin da Faransanci ake yi, kamar wanda ya gama zai zauna ofis a Duwala. Amma wanda aka ɗauka malamin gona a yankin auduga, ko mai bin bashi a gidan rance, da Fulatanci da Hausa zai wuni, da yamma ya rubuta rahoto da Faransanci. Tsakanin biyun nan ne aiki ke lalacewa. Alhaji ya ce “to, sai na yi shawara”, yaro ya rubuta cewa mai saye ya amince, alhali an sallame shi ne cikin mutunci. Yaro ya shiga rumfar dattijo ya fito da takarda kafin ya tambayi gida da iyali da gajiya, ciniki ya mutu tun bai fara ba. A ƙauye kuwa wanda bai fara gaida jauro ko lawan, wato masu sarautar wurin, ba, zai kira taro ya zauna shi kaɗai. Kuɗi ma da nasu tarko: ɗan kasuwar Chadi da riyal yake ƙirga, kowane riyal sefa 5, idan ya ce ɗari to sefa 500 yake nufi. Ga ɗaliban Chadi nan birjik a Dang, da za a haɗa su biyu-biyu da 'yan Kamaru su yi cinikin gwaji, a rubuta abin da kowa ya fahimta, da darasin ya koyar da kansa. Ingilishi zama ɗaya tak aka ba shi, duk da cewa shi ne harshen hukuma na biyu, kuma ga hulɗa da 'yan kasuwar Yola da Mubi. Ko bambancin rubuta adadi ba a kawo ba, inda Faransanci ke sa waƙafi wurin da Ingilishi ke sa ɗigo.

Gwajin ganawar neman aiki na satin ƙarshe ya ɗan farfaɗo da ɓangaren. Tambayar albashi sun yi mata adalci: ɗalibi ya san cewa mafi ƙarancin albashi a kamfanonin da ba na noma ba sefa 60,000 ne tun 2023, ya tambaya ko kuɗin da aka faɗa kafin yanka ne ko bayan yanka, domin kason ma'aikaci na CNPS, asusun fansho da jin daɗin ma'aikata, kashi 4.2 ne, ga haraji a kai.

Kayan aiki dai gwargwado ne. Kwamfuta 6 ga mutum 40, babu janareta, idan aka ɗauke wuta allo da alli ake komawa. Kwafin takardun darasi ɗalibi ke biya. Takardar da ake bayarwa a ƙarshe shaidar halarta ce, ba difloma ta gwamnati ba, kada wani ya biya kuɗi dominta. Wanda aljihunsa bai kai ba ya fara leƙa ofishin FNE, hukumar samar da aiki da aka kafa a 1990, wadda ita ma ke horarwa kan dabarun neman aiki.

Wanda kwas ɗin zai fi amfana shi ne ɗan shekara ta biyu ko ta uku da ke shirin ajiye takardun istaj, musamman wanda rubutunsa na Faransanci ke rawa. Kafin ya biya, ya tambayi mutum nawa ne a rukuninsa, ya nemi a nuna masa takardar wani ɗalibi da aka ja wa jan biro, ya kuma zaɓi biya kashi biyu. Idan rukunin ya haura mutum 20, ya jira zagaye na gaba ko ya nemi a sa shi a ajin da bai cika ba.