Magani na cikin kabad, mai bayarwa ce ta gaji

Yaya, kin tambaye ni yadda asibitin Ingila yake, tunda kin ji an kwantar da ɗanki. Alhamdu lillahi an sallame mu, sikilar ce ta tashi da shigowar sanyi.

Wajen kaya dai ba a magana. Ba wanda ya miƙo mini takarda in ruga kemis sayen allura, safar hannu ko ruwan ƙari. Tsarinsu na kiwon lafiya na gwamnati, wato NHS, da aka kafa tun 1948, ba ya karɓar ko kwabo a bakin gado, ko da yake mu baƙi mun biya kuɗin lafiya tun wajen neman biza. A ƙa'idarsu, mai sikila in ya zo da ciwo, cikin minti 30 za a ba shi maganin kashe zafi. Daga baya har na'ura suka sa masa, wadda zai danna da kansa mofin, wani maganin kashe zafi mai ƙarfi, ya shiga jijiya.

Amma daren farko, Yaya, na ga abin da ban zata ba. Mofin a kulle yake, sai nas biyu sun sa hannu kafin a fito da shi, kowace kuma aikin awa 12 take yi, ƙararrawa na kiranta ta ko'ina. Yaron nan ya danna ƙararrawa har ya gaji. Da nas ɗin ta zo ta ce ya auna zafin daga 0 zuwa 10, ya ce 9 yana cije leɓe. Agogo ta duba, ba fuskarsa ba, ta ce lokaci bai yi ba. Ko sannu babu. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Kwana biyu bayan nan na gan ta jingine da bango a baranda, ido rufe, abincinta a hannu ba ta buɗe ba. Ba muguwa ba ce, zuciyar ce ta ƙare. Wadda ta shekara da shekaru tana jin nishin mutane, ba hutu ba mataimaki, a hankali kunnenta kan toshe. Abin da ya fi tsorata ni, gajiyar kan koma zargi: mai sikila ya san sunan maganinsa da adadinsa tun yana yaro, in ya faɗa sai a yi masa kallon ɗan ƙwaya. Shi kuma ya yi shiru, ya rage lambar da yake faɗa don kada ya dame su, ciwon na cinsa. A 2021 wasu 'yan majalisar Birtaniya sun fitar da rahoto kan yadda ba a sauraren masu sikila, kuma a Disambar 2022 nas-nas suka yi yajin aiki kan albashi da ƙarancin ma'aikata.

Namu na gida sun fi waɗannan shan wuya, ga cunkoso ga ɗauke wuta. Sai dai can akwai mai jinya a kan tabarma, tana matsa ƙafa, tana gasa gaɓoɓi da ruwan ɗumi, tana bin nas har ofis. A nan, da yake ya wuce shekara 18, lokacin ziyara na ƙarewa suka ce in tafi gida. Na bar shi da ƙararrawa a hannu, na yi ta kuka a cikin bas.

Yanzu likitansa ya rubuta mana takardar da ta fayyace maganinsa da adadinsa, kullum tana cikin jakata. Ki gaida Inna, ki ce mata ya fara cin tuwo.