Auren coci a ƙauye: wane coci za ku zaɓa, kuma ina za a saka al'adun gida biyu?

Yawancin masu shirin aure da ido suke fara zaɓen coci. An ga hoton wata ƙaramar majami'a a tsakiyar gonaki, ga bishiyoyi a harabarta, sai zuciya ta ce nan ne. Ba laifi. Amma kafin ku ba mai rumfa ko mai hoto kafin alƙalami, ku fara sanin ko cocin nan zai yarda ya ɗaura muku aure, da kuma abin da zai bari ku shigo da shi daga al'adun gidajenku. Wannan magana a hannun fasto ko fada take, mai tsara biki ba shi da ta cewa a ciki.

Mafi sauƙi shi ne cocin da ɗayanku ke da tushe a cikinsa, inda aka yi masa baftisma ko inda aka ɗaura auren iyayensa. Izini ba ya wuya, dattawa sun san gidan, mawaƙa ma sukan fito da zuciya ɗaya. Illarsa ita ce gida ɗaya ne mai masauki, ɗayan kuwa baƙo. In ba a kula ba, dangin da suka yi doguwar tafiya za su zauna a bencin baya suna kallon bikin ɗansu kamar na wasu.

Cocin da kuka gani kuka so kawai, ba ku da kowa a can, ya raba wannan gardama tunda kowa baƙo ne. Sai dai takardu. A Cocin Ingila, tun 2008 doka ta buɗe ƙofa ga wanda ke da wata alaƙa da coci ko da ba a yankin yake zaune ba: an yi masa baftisma a can, ko ya taɓa zama a yankin wata shida, ko ya yi wata shida yana halartar sujada a kai a kai, ko kuma a nan aka ɗaura auren iyayensa ko kakanninsa. Wanda ba shi da ko ɗaya, hanyar da aka fi bi ita ce ya fara zuwa sujada har wata shidan su cika, kuma in ƙauyen na da nisa wannan ba ƙaramin kuɗin mota ba ne. A ɗarikar Katolika, dokokin coci na 1983 sun ce a yi auren a cocin yankin da ɗaya daga cikin ma'auratan ke zaune. In ana son wani wuri sai da izinin fadan yankinku ko bishop. Akan samu, amma ba a mako guda ba.

Akwai kuma masu son fili: lambu, gona, ƙarƙashin bishiya, fasto ya zo ya same su. Fastocin Furotesta da yawa ba sa ƙi. Katolika kuwa sai bishop ya amince, kuma ba kasafai yake amincewa ba. Nan ne ma ya kamata ku yi tambayar da ake yawan mantawa da ita: wa zai sa hannu a rajista, kuma hukuma za ta karɓi wannan aure? A Faransa, alal misali, auren da aka ɗaura a ofishin magajin gari ne kaɗai doka ta sani, kuma shi ake fara yi kafin na coci. A wasu ƙasashen limamin coci ne da kansa ke tsayawa a madadin hukuma, amma a gini mai rajista kawai. Fili na iya yin kyau a hoto ya bar ku ba takardar aure.

Ranar ma ba ku kaɗai ke da ita ba. Sanarwar aure a gaban jama'a tsohuwar ƙa'ida ce, tun babban taron coci na 1215, kuma a Ingila har yau ana karanta ta Lahadi uku a cikin wata ukun da suka gabaci auren. Cocin Otodoks ba ya ɗaura aure a lokacin babban azumin da ke gaban Ista, Katolika kuma ba ya yi ranar Juma'a Mai Kyau da Asabar ɗin da ke biye da ita. Limamin ƙauye sau da yawa coci biyu ko uku yake riƙe da su, don haka sa'ar da ya ba ku ita ce sa'ar.

To, al'adun fa? Nan ne ake samun ɓacin rai, domin kowace uwa tana da abin da take ganin aure bai cika ba sai da shi.

Ana iya shigar da su cikin sujadar kanta, kuma coci ba baƙon haka ba ne. A 1963 babban taron Katolika, wato taron Vatikan na biyu, ya ba bishop-bishop na kowane yanki damar tsara hidimar aure da za ta dace da al'adun mutanensu. A Meziko da Filifin ango kan miƙa wa amarya tsabar kuɗi goma sha uku a gaban bagade, a kuma zagaya kafaɗun su biyun da igiya guda. Kiristocin Kerala a Indiya, ango ne ke ɗaura wa amarya ɗan ƙaramin abin wuya na zinariya. Otodoks suna ɗora wa ma'aurata kambi. Amma ku lura, waɗannan sun daɗe da samun gurbi a tsarin sujada, ba wasu ma'aurata ne suka kawo su da safiyar biki ba. Abin da limami ya fi saurin amincewa da shi ƙanana ne masu nauyi: a karanta Littafi Mai Tsarki da harsuna biyu, a rera waƙar yabo ɗaya da harshen kakar ango, iyaye huɗu su fito tare su sa albarka, amarya ta sa tufafin gidansu. Farar riga, in za a faɗi gaskiya, ba dokar coci ba ce. Ta yaɗu ne bayan Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta sa ta a aurenta a 1840.

Abin da ba ya motsi shi ne kalmomin alkawari da shaidu. Katolika tun 1563 yake neman limami da shaidu biyu. In ɗarikarku ba ɗaya ba ce, ku san cewa dokar Katolika ta hana a sake wata hidimar addini don karɓar alkawari karo na biyu, ta kuma hana limamai biyu kowa ya karɓi nasa a hidima ɗaya. Faston ɗaya ɓangaren na iya yin karatu ko addu'a, amma mutum ɗaya ne zai karɓi alkawarin. Gara iyaye su ji wannan tun da wuri daga bakinku, kada su tsince shi a takardar tsarin biki.

Ɗaya hanyar ita ce a bar sujada yadda take, a kai al'adu wurin liyafa ko a ware musu jajibiri. Kowa zai samu lokaci, ba mai kallon agogo, ba kuma sai an nemi izini ba. Kuɗin ne ke ƙaruwa, domin a ƙauye ƙarin kwana ɗaya na nufin ƙarin masauki da abinci ga duk wanda ya zo daga nesa.

A ganina, ga yawancin mutane, abu ɗaya daga kowane gida a cikin coci ya isa, sauran a fita da su waje. In aka cusa biyar ko shida, sujadar minti arba'in sai ta koma awa biyu, yara su fara kuka, a kai ga alkawarin kowa ya gaji. Kuma kada a ba gida ɗaya gaban bagade, a ba ɗayan minti biyar a ƙarshen liyafa lokacin da rabin jama'a sun kama hanya. Ba a mantawa da irin wannan.

Kuɗin da cocin ƙauye ke karɓa yawanci ba shi ne babban nauyi ba, abin da ke kewaye da shi ne. Gani ya kori ji: ku je ranar Lahadi, a irin sa'ar da za a ɗaura auren. Ku ƙirga mutum nawa benci ɗaya ke ɗauka in an zauna da kayan ado, ku ninka da yawan bencin, kada ku dogara da adadin da aka faɗa muku ta waya. Ku taka hanyar tsakiya mutum biyu kafaɗa da kafaɗa, domin wasu ba sa ɗaukar amarya da mahaifinta tare. Ɗaya ya tsaya a gaba ya yi magana, ɗaya ya saurara daga baya, a nan za ku san ko sai an yi hayar lasifika. Ku duba matakala saboda tsofaffi, da banɗaki, da wuta, da sabis ɗin waya, da yadda hanya ke zama in an yi ruwa. In babbar mota ba ta iya kaiwa ƙofar coci, ku sa kuɗin ƙananan motoci a lissafi kafin ku buga katin gayyata.