Blender ko Maya: wacce ɗalibi zai fara da ita?

Ɗalibai masu son koyon motsa mutum-mutumin katun suna yawan tambayata wace manhaja za su kama, Blender ko Maya.

Ta fuskar kuɗi, Blender kyauta ce tun 2002, ka sauke ka yi aiki, ka sayar da abin da ka haɗa, ba mai tambayarka. Maya ta kamfanin Autodesk ce. Ɗalibi yana samun lasisin shekara guda kyauta idan ya tabbatar yana makaranta, amma lasisin na karatu ne, ba na neman kuɗi ba. Ran da ka gama makaranta, sai biyan kuɗin shekara-shekara, kuma ba kaɗan ba ne.

Wajen nauyi, Blender ta fi tausayin ƙaramar kwamfuta, ga ta da wani kayan zane mai suna Grease Pencil ga mai son zane da hannu. Sai dai gajerun hanyoyinta na madannai kan rikita sabon shiga a makonnin farko.

Inda Maya ta yi zarra shi ne kasuwar aiki. Manyan kamfanonin fim da na wasannin bidiyo sun daɗe a kanta, kuma tallan aikinsu sau da yawa ita yake ambata. Amma a daina raina Blender: da ita aka yi Flow, fim ɗin ƙasar Latbiya da ya ci lambar yabon fina-finai ta Oscar a 2025.

Mai koyo da kansa, aljihu ba nauyi, ya kama Blender. Wanda makarantarsa ke koyar da Maya, kuma idonsa na kan babban kamfani, ya ci moriyar lasisin tun yana ɗalibi.